Ɗan kwana-kwanan Polan da ya ci zinariya a tseren ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna hira a majalisa sai wani abokinmu ya ce wai akwai ɗan kwana-kwana a ƙasar Polan da ya taɓa cin zinariya a Olamfik a tseren zamiya a kan ƙanƙara, kuma tazarar da ya ba na biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wasu suka ce ai wannan sa'a ce kawai. Shin da gaske ne? Kuma ta yaya ake bambance mutum biyu a irin wannan tazara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinku bai ƙara gishiri ba. Sunan mutumin Zbigniew Bródka, an haife shi ranar 8 ga Oktoba, 1984 a garin Głowno, kuma a lokacin ma'aikaci ne a hukumar kashe gobara ta garin Łowicz da ke tsakiyar Polan. Abin ya faru ranar 15 ga Fabrairu, 2014 a Sochi ta ƙasar Rasha, a gasar Olamfik ta lokacin hunturu, a tseren mita 1,500.

Kafin mu zo kan tazarar, sai ka fara gane yadda ake yin tseren, domin ba irin gudun da muka saba gani ba ne, inda ake jera mutum takwas a sake su lokaci guda. A nan bibbiyu ake sakin su a fili mai kewayen mita 400, kowa da layinsa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma a kowane zagaye sai sun yi musayar layi don kada a ƙwari wani. Agogo ne alƙali. Kana iya tsere wa abokin karawarka fintinkau amma ka ƙare a na goma. Takalminsu na da dogon ƙarfe siriri a ƙasa, kaurinsa bai fi milimita ɗaya da ɗan abu ba, an maƙala shi ta wajen yatsu kaɗai, yadda diddige zai ɗaga ƙarfen kuma yana nan manne da ƙanƙara har mutum ya gama turawa. A duƙe ake tafiya, hannu a goye a baya. Masu wasan sun fi tsoron mita 1,500 ɗin nan, saboda ya yi wa masu gajeren zango tsawo, ya kuma yi wa masu dogon zango sauri. A zagayen ƙarshe cinya ta riga ta mutu, zuciya ce kawai ke kai mutum.

A ranar an haɗa Bródka da Shani Davis na Amurka, wanda ke riƙe da tarihin duniya a wannan zango a lokacin. Bródka ya gama a minti 1 da daƙiƙa 45, ya hau kan gaba, sai ya koma gefe yana jiran waɗanda suka rage. A karawar ƙarshe Koen Verweij na Holan ya shigo, allo ya nuna masa daidai lokacin Bródka, 1:45.00. Fili ya yi tsit. Sai da alƙalai suka koma ga hoton na'urar da ke bakin layi, wadda ke duba lokacin da tsinin ƙarfen takalmi ya taɓa layin, sannan aka fitar da 1:45.006 ga Bródka, 1:45.009 ga Verweij. Kashi 3 ke nan cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ta ninka wannan fiye da sau 30. Idan ka lissafa da gudunsu, wanda ya kai kusan kilomita 51 a awa, tazarar ba ta wuce santimita 4 da ɗan abu ba, wato faɗin yatsu biyu. Denny Morrison na Kanada ne ya zo na uku.

To, batun sa'a. Ni dai ban yarda da 'yan majalisarku ba, kuma ga dalilina. Shekara guda kafin Sochi, a kakar 2012 zuwa 2013, Bródka ne ya zo na ɗaya a jimillar makin Kofin Duniya na mita 1,500, gasar da ake yi zango-zango a ƙasashe daban-daban tsawon hunturu. Wanda ya yi wannan ba a ce masa ɗan tsintuwa. A 2013 kuma yana cikin tawagar Polan da ta ci tagulla a gasar duniya a wannan fili na Sochi. Ya san ƙanƙarar wurin, ya san zangonsa. Santimita 4 na iya faɗawa kowane ɓangare, wannan gaskiya ne, amma sai wanda ya kai kansa bakin layin tare da gwanaye ake yi wa wannan awon.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne halin da ya yi shiri a ciki. A lokacin duk faɗin Polan babu rufaffen filin ƙanƙara na mita 400 ko guda ɗaya. Filayensu a buɗe suke, iska da ruwa da dusar ƙanƙara na dukansu, kuma 'yan watanni kaɗan suke aiki a shekara. Dole 'yan wasansu su riƙa tsallakawa ƙasashe irin su Jamus don atisaye, da bazara kuma a koma kan keke da takalmi mai taya. Ga kuma aikin kashe gobara yana jiransa a gida. Mutanen da ya kara da su kuwa 'yan Holan ne, ƙasar da wannan wasa ya zama mata sana'a, da ƙungiyoyi masu biyan albashi da fili irin Thialf na Heerenveen. A Sochi 'yan Holan sun kwashe lambobi 23 cikin 36 na wannan wasa. A ɓangaren maza, cikin zinare 6 sun tafi da 5. Guda ɗayar da ta kuɓuce musu ita ce wadda ɗan kwana-kwanan nan ya rataya.

Ita ce kuma zinariyar farko da Polan ta taɓa samu a wannan wasa a Olamfik. Tun 1960 mata biyu, Elwira Seroczyńska da Helena Pilejczyk, suka ci azurfa da tagulla, su ma a mita 1,500, ƙasar ta yi shekara 54 tana jiran zinariya. Mako guda bayan zinariyar, Bródka da Konrad Niedźwiedzki da Jan Szymański suka doke Kanada a tseren tawaga, ya ƙara da tagulla.

Bai sake hawa wannan matsayi ba, amma bai bar fage da wuri ba, shi ne ma ya riƙe tutar Polan a bikin buɗe Olamfik na 2018 a Koriya ta Kudu. Kafin nan, a ƙarshen 2017, Polan ta buɗe rufaffen filinta na farko a Tomaszów Mazowiecki, a lardin Łódź, lardin da Łowicz take ciki.