Gwajin CK bai isa ya nuna ko kina ɗauke da Duchenne ba

'Yar'uwa, kin ce ƙanenki yana fama da Duchenne, cutar da ke cinye tsokar yara maza, kin yi gwajin CK ya fito daidai, kina tambaya ko kin kuɓuta ke nan daga zama mai ɗauke da ita, wato macen da ke da ƙwayar gadon cutar kuma za ta iya gadar wa 'ya'yanta. Ba tukuna ba. CK sinadari ne da ke zuba cikin jini idan tsoka ta lalace, kuma mata da yawa masu ɗauke da cutar nasu lafiya lau yake fitowa. Gwajin ƙwayar gado ne kaɗai zai raba gardama.

Da ƙanenki za a fara, ba da ke ba. Ƙwayar gadon da ake kira DMD doguwa ce ƙwarai, sassa 79 gare ta, don haka sai an san inda tasa ta sami matsala kafin a nemi daidai wurin a taki. Jini kaɗan ake ɗiba, kamar mililita 3 zuwa 5, a kwalba mai sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa. Gwajin farko shi ne MLPA, mai gano sashen da ya ɓace ko ya ninku, kuma shi ke kama mafi yawan masu cutar. Idan bai nuna komai ba, kada a tsaya nan, sai a karanta ƙwayar harafi bayan harafi, domin ƙananan kurakurai suna wuce MLPA. Idan kuma ya nuna sashe ɗaya tal ne ya ɓace, a tabbatar da wata hanyar, saboda a nan yakan yi kuskure.

Daga nan sai mahaifiyarku. Kusan biyu cikin uku na iyaye matan irin waɗannan yara suna ɗauke da ita. Amma ko jininta ya fito babu komai, ki yi naki, don wani lokaci matsalar tana cikin wasu ƙwayayen haihuwarta ne kawai.

In ya tabbata kina ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ki haifa yiwuwar ya kamu rabi da rabi ce, kowace 'ya mace kuma yiwuwar ta ɗauka rabi da rabi. Gwajin mijinki ba zai canza wannan lissafi ba. Ke ma ki ga likitan zuciya a yi miki hoton zuciya da ECG, wato gwajin bugun zuciya, a riƙa maimaitawa, domin tsokar zuciyar masu ɗauke da ita takan yi rauni ba tare da wata alama ba.