Amsa: Me ya sa ba sa binne gawa da wuri a littattafan nan?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara karanta labaran 'yan sandan ciki na ƙauyukan Ingila, amma kana mamakin yadda gawa ke yin makonni ba a binne ba. Dokarsu ce haka. Duk mutuwar da ba a gane musabbabinta ba, sai an kai ta gaban jami'in da suke kira coroner. Shi zai sa likita ya binciki gawar, kuma babu jana'iza sai ya sake ta. Mu da muka saba a rasu da hantsi a kai makwanci kafin la'asar, dole abin ya ɗaure mana kai.

Fara da The Killings at Badger's Drift na Caroline Graham, 1987. Wata tsohuwa ce ta shiga daji neman wani fure, ta ga abin da bai kamata ta gani ba, sai aka tsinci gawarta a gida. Likita ya ce ajali ne kawai. Ƙawarta ta ƙeƙasa ƙasa, ta matsa wa Sufeto Barnaby har aka gano guba ce. Daga littafin aka samo shirin talabijin na Midsomer Murders a 1997, amma littafin ya fi cizo, gulmar ƙauyen ma ta fi armashi.

In kana son mai ɗan nauyi, nemi Raven Black na Ann Cleeves, 2006. A tsibiran Shetland ne, ƙasar Sikotland, inda mai gabatar da ƙara ke wannan aikin maimakon coroner.