Fitilun gida masu bin umarnin waya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, ina gyaran gidana a Hanwa, ina so in haɗa fitilun falo rukuni guda, na tsakar gida da zaure rukuni guda, na ɗakuna kuma daban, in riƙa kunnawa da kashewa daga waya. Ƙwai 18 ne. A Sabon Gari na ga masu Wi-Fi, an kuma ce akwai masu buƙatar wani akwati. Wanne zan saya? (Wani magidanci daga Hanwa)

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Da ƙwai uku ko huɗu ka ce, da sai in ce ka ɗauki masu Wi-Fi, irin na Tapo ko masu aiki da manhajar Smart Life, ka huta. Amma 18 magana ce daban.

Kowane ƙwai mai Wi-Fi kansa yake ci, shi kaɗai yake haɗuwa da na'urar intanet ɗin gida kamar wayar hannu. Idan ƙaramin MiFi kake amfani da shi, da yawansu wajen na'ura 10 suke ɗauka, ga wayoyin iyali ga talabijin, kafin ka gama falo ya cika. Sannan in ka ce wa rukuni ya mutu, umarnin yakan je wa kowane ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga wannan ya mutu, wancan ya biyo baya, na kusurwa ya ƙi. A yawancin masu araha kuma sai umarnin ya fita ta intanet ya dawo, ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, jadawalin kunnawa da kashewa da ka tsara yana iya tsayawa.

Masu akwatin kuwa da harshen Zigbee suke magana, wato wata hanyar sadarwa marar igiya da ta bambanta da Wi-Fi. Akwatin ne kaɗai ke maƙale da na'urar intanet, ƙwayayen kuma suna miƙa wa juna saƙo, na falo ya ba na baranda, na baranda ya ba na zaure. Wannan ne abin da ya fi burge ni game da gidajenmu na Zariya, masu katanga mai kauri da sassa a warwatse, inda Wi-Fi ke mutuwa tun kafin ya ƙetare tsakar gida. Rukuni kuma saƙo ɗaya ake aika masa, duk su amsa tare. Akwatin Philips Hue da aka saba da shi, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 2012, yana ɗaukar ƙwai 50, kuma yana aiki cikin gida ko babu data. Tsadarsa ce matsala, kuma da igiya ake jona shi da na'urar intanet, ƙaramin MiFi kuwa ba shi da wannan kafar. Akwai akwatunan Zigbee masu sauƙin kuɗi na Sonoff da Tuya.

Shawarata, ka ɗauki Zigbee, ka ɗora akwatin da na'urar intanet a kan inbata, domin in suka mutu jadawali da umarnin waya sun tafi tare da su. Tunda kuma aikin wayarin bai ƙare ba, ka zauna da mai wayarin ɗinka tun yanzu. Fitilun tsakar gida da na zaure ba sa buƙatar launi. Makunni ɗaya mai Zigbee a bango zai riƙe su duka da ƙwan LED na kasuwa, ya fi sayen ƙwai shida masu tsada da za su sha ƙura da ruwan damina. Ka ce masa ya kawo wayar nitural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, cikin ramin kowane makunni, don yawancin irin waɗannan makunnan suna buƙatarta, kuma a gidaje da yawa ba a kai ta can.

Tambaya: Ɗana ya sa mana irin waɗannan fitilun. Duk sanda aka kawo wuta da tsakar dare sai gidan ya haske gaba ɗaya, jikokina su farka. Da rana kuma wasu ba sa amsa waya. (Wata uwa daga Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri, kuma duka biyun suna da magani. Ƙwan bai san bambancin dawowar wuta da danna makunnin bango ba, shi ya sa yake kamawa da cikakken haske. A manhajar Hue da wasu da dama akwai wurin zaɓar abin da ƙwai zai yi in wuta ta dawo. Ki sa ɗanki ya zaɓa wa ɗakunan kwana su koma yadda suke kafin a ɗauke, na ƙofar gida kuma ya bar shi ya kama. Wanda bai saya ba tukuna, ya tambayi wannan kafin ya tambayi launi nawa ƙwan ke yi, domin a garin da ake ɗauke wuta a kawo, shi ne abu na farko.

Na biyun, wani ne yake kashe makunnin bango. Da an kashe shi, ƙwan ya rasa wutar da yake sauraro da ita. In Zigbee ne ma, ƙwayayen da ke karɓar saƙo ta hannunsa suna iya yin shiru. Hana yara taɓa makunni ba zai yiwu ba. A rufe tsohon, a manna ƙaramin makunni mai batir a gefensa, wanda zai kunna rukunin ɗakin ba sai da waya ba. Ke ma zai fi miki sauƙi da asuba.

Tambaya: Yayana da ke Amurka zai aiko min da ƙwayayen. Akwai matsala? (Wani ɗalibi daga Samaru)

Amsa: Akwai, ƙanena. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, ƙwan da aka yi don can kaɗai zai ƙone a nan. Ya duba kwalin ya ga an rubuta 220 zuwa 240. Ka kuma leƙa mazaunin ƙwanka: mai ƙusa biyu B22 ne, mai murɗawa E27. In ya samu mai tambarin Matter, tsarin da ya fito a 2022 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, ya fifita shi. Ɗaki ɗaya kuma ba ya buƙatar akwati, ƙwan Hue mai Bluetooth yana haɗa har 10 da waya kai tsaye.