Tambaya da Amsa: Awa nawa ne daga Abuja zuwa Bejin?

Salam Malam. Ɗana ne ya samu gurbin karatu a Bejin ta ƙasar Sin, tikitinsa ya nuna zai tashi Abuja ranar Talata ƙarfe 1:30 na rana amma sai Laraba ƙarfe 4 na yamma zai sauka, na ƙirga na ga awa 26 da rabi, wallahi hankalina ya tashi. Yayansa kuma ya ce awa 13 ce kawai. Wanne ne gaskiya? Daga wata uwa, Zariya.

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa karatun albarka. Ki kwantar da hankalinki, agogo ne ya rikita lissafin. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da ake ciki ne, kuma Bejin na gabanmu da awa 7 cif, wato sanda zai sauka ƙarfe 4 na yamma a can, ke a Zariya ƙarfe 9 na safe ne, ƙila ma ba ki gama kari ba. To daga 1:30 na ranar Talata zuwa 9 na safiyar Laraba awa 19 da rabi kenan.

Shi ma yayan nasa ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Tsakanin Abuja da Bejin kai tsaye kusan kilomita 11,000 ne, jirgin fasinja kuma yana cin wajen kilomita 850 zuwa 900 a awa, da zai miƙe bai tsaya ko'ina ba awa 13 ɗin za ta yi. Matsalar dai sai an yada zango. Yadda lokutan nan suka zo na fi zaton ta Adis Ababa zai bi, Abuja zuwa can awa 4 da rabi ko 5, sai ya zauna jira a filin jirgin Bole, sannan ya hau wani jirgin ya yi awa 10 da wani abu. Wasu ta Doha suke bi, wasu ta Alƙahira.

Wannan zaman jiran shi na fi so ki ja masa kunne a kai. Adis a kan tsauni take, sama da mita 2,300, da dare sanyi ake yi sosai, zaki ga yaranmu sun sauka da 'yar shadda sun takure a kan kujera suna rawar ɗari, don haka ya saka rigar sanyi a jakar hannu ba a akwati ba. Habasha kuma na gabanmu da awa 2, ya bi agogon bango na filin kada ya dogara da na hannunsa, mutane da yawa a nan jirgi ke tafiya ya bar su suna kwance. Sallah kuwa matafiyi ne, ya yi ƙasaru ya haɗa magariba da isha'i a nan Adis.

Ranar dawowa in Allah ya kai mu jirgin zai ɗan fi daɗewa a sama, saboda iskar da ke can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, a tafiya tana tura shi a dawowa kuma gaba da gaba suke.

Sannan ya duba tikitin da kyau, filin jirgi biyu ne manya a Bejin, akwai Capital akwai Daxing da aka buɗe a 2019, kuma suna da nisa da juna, ya tabbatar ya faɗa wa mai tarbarsa wanne ne tun kafin ya bar gida.