Ina tsoron sallama, ejan na neman fam dubu takwas

Wani ɗalibin digiri na biyu a Ingila ya rubuto. Yana ɗibar kaya a wani katafaren sito ta hannun kamfanin samar da leburori. Kowane wata sai sababbin fuskoki, na'urar hannunsa na ƙirga kayan da ya ɗiba a awa. Wani ejan ya ce da fam 8,000 zai samo masa takardar ɗaukar nauyi, wadda kamfani ke ba ma'aikaci don ya nemi bizar aiki, a gida kuma ana jiran kuɗin kayan ɗakin ƙanwarsa.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Shiga da fitan nan ba gazawarka ba ce, haka aka tsara aikin: a kwashi mutane kafin Kirsimeti, a zubar a Janairu. Adana takardun albashinka duka. In ka cika mako 12 a aiki ɗaya, wuri ɗaya, doka ta ba ka albashi daidai da na ma'aikacin dindindin, amma hutun da ya wuce mako 6 yakan mayar da ƙirgen farko.

Ramin da nake ji maka shi ne awa 20. Lokacin karatu iyakar aikin da bizar ɗalibi ta yarje maka ke nan a mako, daga Litinin zuwa Lahadi, kuma ba a rama na makon jiya a na gobe. Albashinka yana bi ta hukumar haraji da lambarka ta inshorar ƙasa (National Insurance), ranar sabunta biza za a iya gani. Yin aiki da sunan wani ya fi wannan muni.

Ejan kuwa, kada ka ba shi ko sisi. Ba a sayar da takardar nan, mai ɗaukar aiki ke biyan kuɗinta. Tun Yulin 2025 yawancin ayyukan da ake ɗaukar nauyinsu na matakin digiri ne, ɗibar kaya ba ta ciki. An ga waɗanda suka sayar da fili suka biya, aka soke lasisin kamfanin, aka ba su kwana 60 su sami wani ko su tattara. Sunayen kamfanoni masu lasisi suna shafin gov.uk, kyauta.

Batun gida, ina bayanka. Kayan ɗaki ba su kai bizarka ba, kuma masu matsa maka ba su san kuɗin hayarka ba. Kira Hajiya da kanka, ba ta bakin yayye ba, ka faɗa mata albashinka, haya, abinci, da abin da zai iya fita duk wata. In gado da katifa kuɗin suka isa, a yi biki da su.