Hukuncin aiki a jirgin da tarunsa ke kashe kifin halibut a Tekun Bering

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani jirgin kamun kifi da ke tashi daga Dutch Harbor a jihar Alaska. Taru muke ja a ƙasan teku muna neman wasu ƙananan kifaye masu faɗi, amma halibut, wani babban kifi mai faɗi mai tsada, yana shiga, kuma doka ta hana mu riƙe shi, dole a mayar da shi ruwa ko da ya mutu. Masuntan bakin gaɓa suna cewa mu ne muke kashe musu sana'a. Shin albashina halal ne? Zubar da kifin nan ba almubazzaranci ba ne? Idan muka ɓoye ɗaya muka dafa, tunda dai ya riga ya mutu, akwai laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Albashinka halal ne, ɗan'uwa. Amma akwai hakkoki a wuyanka, kuma ba za su fito fili ba sai an fahimci yadda lamarin yake.

Asalin kamun kifi halal ne. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar teku da abincinsa. Annabi (SAW) kuma ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shari'a ba ta ƙayyade kayan aiki ba, ko ƙugiya ko mamari ko taru. Abin dubawa shi ne cutarwa.

Cutarwar kuwa ta tabbata. Hukumar haɗin gwiwa ta Amurka da Kanada da ke kula da halibut, wadda yarjejeniyar 1923 ta kafa, tana ƙiyasta yawan da za a iya cira a shekara. Daga ciki ake fara cire wanda ake hasashen zai mutu a tarun manyan jirage, ragowar ne ake raba wa masuntan da ke kama halibut da mamari. Wato mataccen da aka tura ruwa daga jirginku, daga rabon wani ya fito, irin mutanen tsibirin Saint Paul na Tekun Bering da suka dogara da wannan kifi. Ga kuma wata ɓarnar da ba ta bayyana nan take. Mai mamari ba ya da izinin riƙe wanda bai kai inci 32 ba, shi kuwa taru ba ya zaɓe, kuma yawancin abin da yake kwasowa ƙanana ne. Macen halibut takan kai kusan shekara 12 kafin ta fara ƙwai. Ƙananan Tekun Bering kuma su ne wasunsu ke ƙaura kudu da gabas idan sun girma, har gaɓar Kanada.

To me ya sa ba a haramta aikin ba, alhali hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa? Domin halibut ba shi ne abin nufi ba, biyowa ya yi, kuma malaman fiƙihu sun ce ana rangwame ga mabiyi a abin da ba a rangwame ga abin nufi. Sharaɗin shi ne a rage ɓarnar iyakar iko, a kuma tsaya a iyakar da hukuma ta sa. Iyakar tana nan a rubuce. A 2015 majalisar kula da kamun kifi ta yankin ta rage wa manyan jiragen tarun ƙasa masu masana'anta a ciki adadin halibut ɗin da aka yarda ya mutu a hannunsu daga tan 2,325 zuwa 1,745 a shekara. Daga 2024 an ɗaura adadin a kan yawan kifin da bincike ya nuna, yana iya sauka har tan 1,134. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne saboda maslahar jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza da ke gabashin Madina. Duk wanda ya san yadda sarkin ruwa ke rufe gulbi har lokacin kamun kifi na taro (su) ya zo, ya san wannan hukunci tun a gida.

Maganar almubazzaranci tana da ƙarfi. Allah Yana ƙin tozarta dukiya, kuma a hadisin da Nasa'i ya ruwaito za a tambayi wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da hakkinsa ba, hakkin kuwa shi ne a yanka a ci. Kifi mai tsada a tura shi ruwa matacce, asara ce, ba mai musu. Sai dai dalilin dokar shi ne toshe kafa: ranar da aka ce mai taru ya sayar da halibut ɗin da ya shigo bisa kuskure, kuskuren zai yawaita, jirage su nufi matattararsa da gangan. An zaɓi ƙaramar ɓarna don kauce wa babba. Ma'aikacin da ya bi wannan doka ba shi da zunubin tozartawa. Akwai kuma tsarin da ya halatta wa wasu jiragen da ke sauke kamunsu a tashar ruwa su ba da irin wannan kifi sadaka ta hannun ƙungiyar agaji ta SeaShare. Inda wannan ƙofa take a buɗe, shigarta ta fi, kuma a ganina faɗaɗa ta shi ne mafi kusa da manufar shari'a.

Dafa shi a ɓoye bai halatta ba. Naman kansa ba haram ba ne, mushen teku halal ne a wajen Malikiyya da jumhur. Haramcin daga saɓa alkawari yake. Ka shiga ƙasar da aikin bisa sharaɗi, Allah Ya ce ku cika alkawura, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu.

Inda nauyinka ya fi yawa shi ne 'yan mintocin da ke bayan an zazzage taru. Halibut ba shi da jakar iskar nan da ke kumbura wasu kifaye idan an ɗago su daga zurfi, don haka da yawa suna isowa da rai. Abin da ke kashe shi danniyar kifin da ya cushe a gindin taru ne, da yashin da ke shiga matsefinsa na numfashi, da daɗewa a waje. Jami'in sa ido na hukuma da ke cikin jirgi yana kasa halibut ɗin gida uku: mai ƙarfi ana lissafa 20 cikin 100 za su mutu, mai rauni 55, wanda ya yi kama da matacce 90. Wanda aka bari ya gangara rumbun ƙasa ya jira layin masana'anta, kusan a rukuni na uku yake ƙarewa. Shi ya sa aka halatta tsince shi tun a saman jirgi. Idan kana cikin masu tsincewa, ka fara da shi kafin komai. Kada ka ɗaga shi ta wutsiya, nauyinsa yana lahanta ƙashin baya. Kada ka sa yatsa a matsefinsa, kada ka soke shi da ƙugiyar hannu, kada ka yi jifa da shi. Tallafe shi za ka yi, ko ka tura shi ta kwararo zuwa teburin jami'i, daga nan ya koma ruwa. Sakaci a nan da gangan zunubi ne, domin Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai.

Mafi muni shi ne ɓoye wa jami'in. Da yake ana tsayar da kamu idan adadi ya cika, wasu kan so a zubar da halibut kafin a auna. Wannan algus ne, kuma wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ƙididdigar ƙarya tana sa a yi kuskure a lissafin shekara mai zuwa, ta zama cin hakkin mutanen da ba za ka taɓa iya neman yafiyarsu ɗaya bayan ɗaya ba. Ko shugaban aiki ne ya umarce ka, babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Idan ya zama aikin ba ya yiwuwa sai da wannan, sai ka nemi wani jirgin.

Kyaftin da mai kamfani nauyinsu ya fi naka. Wajibi ne kyaftin ya gwada wuri da gajeren ja, ya tashi idan halibut ya yi yawa, ya rage tsawon lokacin ja, ya sa ragar tacewar da ke fitar da manyan kifi ta wata kafa kafin su kai gindin taru. Wanda ya ga alama ya ci gaba da ja don riba, ya fita daga rangwamen mabiyi, laifin kuma nasa ne, bai shafi albashin wanda ba shi da ta cewa ba.

Wallahu a'alam.