Kafin ka sayi wata hular filashi, juya kansa zuwa bango

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi farar hular robar nan da ake kifa wa kan filashi, amma har yanzu goshin mutane na ƙyalli, ga baƙar inuwa a bango bayansu, shi ne kake tambaya ko ka ƙara kuɗi ka sayi mai tsada. Dakata tukuna, laifin ba na hular ba ne.

Abin da ke sa haske ya yi laushi shi ne faɗin wurin da yake fitowa da kuma kusancinsa da wanda ake ɗauka. Bakin filashi ko tafin hannu bai kai ba, kuma kifa masa hula ba ya ƙara masa wani faɗin kirki. Aikinta kawai ta watsa haske ta ko'ina don ya bugi silin da bangaye ya dawo. A ƙaramin ɗaki mai farin fenti tana da amfani. A fili kuwa, inda babu abin da zai dawo da hasken, batir kawai take cinyewa. Yana damuna in ga mai hoto a waje da daddare, kan filashinsa na kallon sama, rabin ƙarfin yana tafiya a banza.

Ni abin da nake yi a cikin gida shi ne in cire hular, in juya kan filashin baya, ta saman kafaɗata, ya kalli inda bango ya haɗu da silin. Hasken zai bazu a can ya yi faɗin mita ɗaya ko biyu, to wannan wurin ne ya zama fitilarka. Kafin in danna, nakan tambayi kaina: da a ce zan buɗe taga a ɗakin nan don ta haska fuskar mutumin nan, a ina zan buɗe ta? Can nake saita filashin. Idan ka dace, za ka ga inuwar hanci ta zama 'yar ƙarama ta kwanta gefe guda, kunci ɗaya ya ɗan fi ɗayan haske, inuwar bango kuma ta sauka ƙasa ta ɓace. A baƙar fata ma abin ya fi fitowa: wannan farin tabon na goshi sai ya baje ya zama sheƙi mai kyau, kalar fatar ta fito yadda take.

Kuskuren da aka fi yi shi ne miƙe kan filashi sama tsaye alhali kana dab da mutum. Hasken zai sauko masa ta ka, ramin ido ya yi duhu, ƙasan haɓa ya yi baƙi. In dole sai silin, ja da baya kaɗan, sannan ka zaro farin katin da ke cikin kan filashin, ya jefa ɗan haske a ido. Kaɗan ake so. Kati ya yi girma, ƙyallin da kake gudu ya dawo. Wasu kuma sukan ɗaura baƙin soso a gefen kan filashin don kada haske ya tafi fuska kai tsaye, ni ma ina yi, musamman idan bangon gefe na saita.

Sai batun ƙarfi. Duk lokacin da nisa ya ninka, hasken da ke isa kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi yanzu sai ya je bango ya dawo, bangon ma ya shanye wani. Don haka kada ka tsaya a ISO 100 (ISO shi ne saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara). Fara da 800, a babban zaure ka kai 1600, ka buɗe ƙofar lens, inda haske ke shiga, zuwa f/4 ko f/2.8. Shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta karɓi haske, wajen 1/60 zuwa 1/125 na daƙiƙa, domin ita ke shigo da hasken ɗakin, bayan mutum ba zai zama baƙi ƙirin ba. Kada saurin shata ya wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba wani sashe na hoton zai yi duhu. TTL, wato saitin da kyamara ke auna ƙarfin filashi da kanta, na aiki lafiya, in ya gaza ka ƙara masa kaɗan.

Lura da fenti. Bango kore zai sa fuska ta yi kore, silin katako ya sa ta yi ja. A ma'aunin kalar haske, hasken filashi na wajen Kelbin 5500, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kuma wajen 3000, shi ya sa nake liƙa ledar filashi mai ruwan lemo a bakinsa don su daidaita. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, na sauƙaƙa gyara.

Inda silin ya yi tsawo sosai ko babu bango kusa, sa wani ya riƙe maka farin kwali babba a gefe ka jefa hasken a kai, ko ka sauke filashin daga kyamara ka sa shi a farar lema.

Zaunar da mutum ɗaya a wuri ɗaya ka ɗauke shi kai tsaye, da hula, ta silin, sannan ta bangon baya. Turo hotunan tare da saitin kowanne, ka faɗi tsawon silin ɗin da kalar fentin, sai mu duba tare.